Sinadarin lusifares ya lalace a hannuna, ina tsoron gaya wa Malam

Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce mai neman digiri na biyu a wani ɗakin gwaje-gwaje a nan Garwa, ina auna ƙarfin wani makunnin ƙwayar gado, wato sashen DNA da ke kunna ta, da gwajin lusifares, wani enzayim (furotin mai gudanar da aikin sinadarai) da ke fitar da haske. Malamin da ke duba aikina ya sayo kwali biyu na Dual-Luciferase na kamfanin Promega bayan jiran wata huɗu. Na buɗe ɗaya a farkon Fabrairu, na haɗa garin da ruwansa gaba ɗaya, na bar shi cikin kwalba guda a ƙofar firizarmu mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili. Duk ranar aiki sai in narkar, in ɗiba, in mayar. Na yi haka sau bakwai, sau biyu ma cikin ruwan digiri 37 saboda sauri. A watan Maris wuta ta ɗauke daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin, ba a tayar da janareta ba. Yanzu muna tsakiyar Afrilu, alƙaluman lusifares na maƙesu sun faɗi zuwa kusan ɗaya bisa goma na farko, na Renilla kuwa, wato lusifares na biyu da kwalin ke aunawa, suna nan yadda suke. Wani ɗalibi da ya girme ni ya ce in ninka sababbin su yi daidai da na farko, in yi shiru. Malam mutum ne mai zafi, kwali ɗaya ya rage, ga lokacin kare aikina ya matso. Na kasa barci. Me zan yi?

Ɗalibarki daga Garwa

Wa alaikumus salam, 'yata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne kin ƙirga sau nawa kika narkar da kwalbar, kin tuna ranar da wuta ta ɗauke, kin kuma lura da wane alƙalami ne ya faɗi da wanda ya tsaya. Wanda ya riƙe waɗannan bayanai yana da abin da zai je wa malaminsa da shi. Za ki gaya wa Malam, kuma cikin wannan makon za ki gaya masa, amma ina so ki shiga ofishinsa da takarda a hannu.

Shawarar abokin karatunki ki ajiye ta tun yanzu. Ninka alƙalumai don su yi kama da na watan Fabrairu ƙirƙirar sakamako ne, kuma ana iya ƙwace digiri a kansa ko bayan shekaru. Ban da haramcinsa, lissafin ma ba zai tsaya ba, domin ba ki san da nawa sinadarin ya raunana a kowace rana ba. Raunin bai zo lokaci guda ba: kowane narkarwa ya ci nasa kaso, ruwan digiri 37 ya ci nasa, kwana biyu da rabi babu wuta sun ci nasu. Babu lamba guda da za ki ninka da ita ta mayar da duk wannan. Sannan na'urar auna haske tana ajiye abin da ta karanta, littafin aikinki yana nan, kuma duk wanda ya zo bayanki ya maimaita gwajin zai ga bambancin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ranar kare aiki kuwa ita ce ranar wankanki.

Bari in yi miki bayanin abin da ya faru cikin kwalbar, domin sai kin fahimce shi za ki iya yi wa Malam bayani ba tare da muryarki ta yi rawa ba. Lusifares na farko na maƙesu ne, irin ƙwaron nan da ke walƙiya a bakin fadama da damina, sai dai wanda ake amfani da shi a gwaji ɗan Amurka ta Arewa ne, Photinus pyralis, wanda aka ware ƙwayar gadon enzayim ɗinsa a 1985 a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego. Wannan enzayim ba ya ba da haske sai ya sami lusiferin, wato abincinsa, da ATP, sinadarin da ke ɗauke da kuzari a cikin sel, da maganiziyam da iskar oksijin, sa'annan ya fitar da haske kore mai ratsin rawaya a wajen nanomita 560. Enzayim ɗin yana cikin ƙwayoyin sel ɗinki, sauran kayan aikinsa kuwa, ban da oksijin, suna cikin haɗin da kika yi, wanda takardar kamfanin ke kira LAR II. Matuƙar garin yana busasshe cikin kwalbarsa a rufe, yana da juriya. Da zarar ruwa ya taɓa shi, kwanakinsa sun fara ƙirguwa: ATP yana rushewa cikin ruwa idan ya ji ɗumi, lusiferin kuma iska da haske suna lalata shi, har ya kan rikiɗe zuwa wani abu da ke danne enzayim ɗin da ya kamata ya ciyar. Shi ya sa takardar da ke cikin kwalin ta ce haɗin yana ɗaukar wata ɗaya a digiri 20 ƙasa da sifili, shekara ɗaya a digiri 70 ƙasa da sifili, a raba shi kaso-kaso, kada a yi ta narkarwa ana daskararwa, kada kuma a narkar da shi a ruwan da ya wuce digiri 25. Ko da wuta ba ta ɗauke ba, wa'adin kwalbarki ya cika tun farkon Maris.

Na biyun, na Renilla, daga wata halittar teku yake, ba ya buƙatar ATP, abincinsa silentarazin ne, haskensa shuɗi ne a wajen nanomita 480. Abincinsa yana cikin ɗaya haɗin, Stop & Glo, wanda ke kashe hasken maƙesu ya kunna na Renilla. A nan ne wasiƙarki ta ba da amsar kanta. Da ƙwayoyin sel ne suka yi rashin lafiya, ko filasmid ɗin, wato zoben DNA da ke kai ƙwayar gadon lusifares cikin sel, ne bai shige su da kyau ba, ko na'urar ce ta sami matsala, da alƙaluman biyu sun faɗi tare. Faɗuwar ɗaya shi kaɗai tana nuna kwalbar LAR II. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa raba alƙalamin maƙesu da na Renilla ba zai cece ki ba, ko da wani ya ce miki zai yi. An sa Renilla ne don ya gyara bambancin yawan sel da na shigar filasmid tsakanin rami da rami. Ba shi da labarin abin da ya sami sinadarin ɗan'uwansa, saboda haka sakamakon rabawar zai faɗi tare da alƙalamin maƙesu.

Duk da haka ba na jin duk aikinki na wata biyu ya tafi. Idan a kowace rana kin auna samfurin ma'auni tare da sauran, wato sel ɗin da ba a yi wa komai ba ko waɗanda ke ɗauke da filasmid marar makunni, to dukkansu raunin sinadari iri ɗaya suka sha a wannan ranar, kuma ninkin da ke tsakaninsu yana iya zama sahihi. Sharaɗin shi ne mafi ƙanƙantar alƙalumanki su kasance sun yi nisa da abin da na'ura ke karantawa a ruwan sel ɗin da ba a sa wa filasmid ba. Ni a wurina, abin da bai kai ninki goma na wannan ba ba na dogara da shi. Abin da ba za ki yi ba shi ne kwatanta ɗanyen alƙalamin Fabrairu da na Afrilu kai tsaye, kuma wannan ko da sinadari lafiyayye ba a yin sa, domin abin da luminomita, wato na'urar auna hasken, ke bayarwa awo ne na kwatance.

Kafin ki ga Malam, ki ware rabin yini. Ki rubuta tarihin kwalbar a shafi guda, da kwanan wata, ba tare da kin rage komai ba, har da ruwan digiri 37 ɗin. Sannan ki ɗauki ruwan fasassun sel mafi haske da kike da shi, sabo ya fi, ki tsinka shi ninki 10, da 100, da 1000 cikin bafa, wato ruwan sinadarin da kike fasa sel da shi, ki auna kowanne da ragowar tsohon haɗin: maikirolita 100 na LAR II, maikirolita 20 na samfuri, jiran daƙiƙa 2, karatun daƙiƙa 10, kamar yadda kika saba. Ki haɗa da bututun da babu komai sai bafa, da na sel marasa filasmid. Idan hasken yana raguwa daidai da tsinkawar, tsohon haɗin ya raunana amma har yanzu yana bambance mai yawa da kaɗan, kuma wannan hujja ce ta ceto alƙaluman da kika tara. Idan ba ya bin tsinkawar, kin san cewa gwaje-gwajen bayan ɗaukewar wutar sai an sake su. Ko wanne ya fito, kin sami abin nunawa.

Kada ki taɓa kwali na biyu kafin Malam ya sani. Wannan shi ne kuskuren da na fi jin tsoron ki yi, domin mai firgici yakan so ya gyara ɓarnar a ɓoye, ya buɗe na ƙarshen da dare, ya wayi gari ya ɓata biyu. Shi ma wannan kwalin ya kwana cikin firizar da ta mutu, kuma ko da yake busasshen gari ya fi jure irin wannan, sai an gwada shi za a tabbatar. Ranar da aka buɗe shi, abu na farko shi ne a auna samfuri guda da tsohon haɗin da sabon, gefe da gefe, a sa'a guda. Wannan ne zai yanke hukuncin ƙarshe a kan abin da ya faru, kuma ya dace a yi shi da sanin mai kayan.

Game da yadda za ki yi maganar, ki nemi lokacinsa shi kaɗai, da safe, kada ki tare shi a gaban ɗalibai ko yana kan hanyar fita. Bayan gaisuwa ki ce, "Malam, na yi kuskure wajen ajiyar sinadarin lusifares, ga abin da ya faru, ga abin da na gwada, ga kuma shawarar da nake da ita kan kwalin da ya rage." Ki fara da naki laifin kafin ki ambaci wuta, domin idan kika fara da wuta zai ji kamar kina neman mafaka. Amma ki ambace ta, da kwanakinta, domin ba kayanki kaɗai ke cikin wannan firizar ba, kuma haƙƙinsa ne ya san cewa duk abin da ke ciki ya narke a watan Maris. Sunan ɗalibin da ya ba ki shawara ba sai kin kawo shi cikin wannan zancen ba. Shi ki same shi daban ki gaya masa cewa ba ki ɗauka ba, da dalilinki. Malam zai yi faɗa, kuma yana da gaskiya, domin kuɗin kwalin nan ba kaɗan ba ne kuma ya san wahalar da aka sha kafin ya iso. Ki saurara, kada ki katse shi. Na taɓa tsayawa a irin wannan matsayi ina ƙarama, da akwatin enzayim da na manta a kan tebur tun daga la'asar har wayewar gari. Faɗan da aka yi mini bai kai rabin sa'a ba, amma kwana huɗun da na yi ina ɓoyewa har yau ina tuna nauyinsu.

Sai kuma shirin kwali na biyu, wanda shi ne zai fi sanyaya ran Malam. Tunda firizarku ba ta wuce digiri 20 ƙasa da sifili, ki juya tsarin aikin: samfura su jira sinadari. Ki gama noman sel, da shigar da filasmid, da fasa su, ki daskarar da ruwan fasassun sel ɗin cikin ƙananan bututu, wanda zai iya kai wata guda a wannan sanyin matuƙar ba a yi ta narkar da shi ba, sai komai ya kammala sannan a haɗa LAR II a karance su cikin 'yan kwanaki. Kwalbar mililita 10 ce, gwaji 100 ke nan, saboda haka ki zauna da alƙalami ki ƙirga tun da wuri: samfuri nawa, maimaici uku-uku, ma'auni nawa, da ɗan rarar da za ta bi bakin bututu. A ranar haɗawa ki raba shi nan take, mililita ɗaya-ɗaya cikin bututu goma masu murfi mai kamawa, ki naɗe kowanne da takardar alminiyam saboda haske, ki rubuta suna da kwanan wata a jikin bututun kansa da kuma kan naɗin. Kowane bututu sau ɗaya za a narkar da shi. Yana da kyau kuma Malam ya rubuta wa manyan ɗakunan binciken garin, kamar LANAVET da ke Bokle ko reshen Cibiyar Pasteur na Garwa, ya tambaya ko za a sami gurbin akwati ɗaya a firiza mai tsananin sanyi, domin idan an samu, wata ɗayan nan ya zama shekara.

Ƙofar firiza ita ce wuri mafi muni a cikinta, domin ita ke fara shan iskar ɗaki duk lokacin da aka buɗe. Ki sa bututun cikin akwatin soso mai murfi, ki kewaye su da ledojin ƙanƙara, ki tura can ƙurya ta ƙasa. Ki bincika ko firizar irin mai narkar da ƙanƙararta da kanta ce, domin irin wannan tana ɗumama cikinta lokaci-lokaci, ba ta dace da sinadarai ba. Ki roƙi abokan aiki, cikin ladabi, su nemi wa ruwan sha da folere wani wurin, don na san yadda firizar ɗakin gwaji ke zama ta kowa da kowa a watan Afrilu. Ga kuma wata dabara mai sauƙi: ki daskarar da ruwa cikin ƙaramin kofi, ki ɗora tsabar sefa 25 a kan ƙanƙarar, ki ajiye kusa da akwatin. Ran Litinin idan kika tarar da kuɗin a saman, lafiya. Idan ya nutse zuwa tsakiya ko gindi, an narke an sake daskarewa, ko da firizar tana ta kuka kamar babu abin da ya faru. Ma'aunin zafi mai riƙe mafi ƙololuwar abin da ya gani ya fi wannan inganci, ki sa shi cikin abin da za ki roƙa. Ki nemi kuma a rubuta sunan wanda zai leƙo firizar ranakun Asabar da Lahadi, da wanda ke riƙe da makullin janareta.

Akwai wata kalma a takardar kamfanin da take yaudarar mu a wannan yanki, wato zafin ɗaki. Su suna nufin digiri 20 zuwa 25. Ɗakin Garwa a watan Afrilu, lokacin da waje ke haura digiri 40, ba shi suke nufi ba, ruwan famfon da ya wuni cikin tanki a rana ma ba shi ba ne. Lusifares na maƙesu ba ya jure zafi, kuma yawan hasken da yake bayarwa yana canzawa da ɗumin haɗin, har launinsa yana karkata zuwa ja idan zafi ya yi yawa. Saboda haka ki zuba ruwa a kofi, ki tsoma ma'aunin zafi, ki daidaita shi da 'yar ƙanƙara zuwa digiri 22, ki narkar da bututun a ciki, sannan ki juya shi sama da ƙasa a hankali sau da yawa, domin abin da ya daskare ya narke yakan rabu, mai kauri a ƙasa, tsararo a sama. Kada kuma ki yi aiki da shi yana da sanyin ƙanƙara, don samfuran farko za su karanta ƙasa, na ƙarshe su karanta sama yayin da yake ɗumama a hannunki. Ki yi awon da sassafe, ko a ɗakin da na'urar sanyaya ta yi sa'a guda tana aiki, ki rubuta zafin ɗakin a littafinki kowace rana.

Stop & Glo kuwa ki ci gaba da haɗa shi sabo a ranar aiki, kashi ɗaya na sinadarin cikin hamsin na bafarsa, iya abin da za ki yi amfani da shi, ki rufe ƙaramar kwalbar da kyau nan take domin ruwan da aka narkar da shi a ciki yana bin iska. Bafar fasa sel da kika tsinka ninki biyar tana iya wata guda a firji. Idan na'urarku mai zuba sinadari da kanta ce, kada layin da Stop & Glo ya bi ya taɓa ɗaukar LAR II, domin ɗan ragowarsa ya isa ya danne hasken maƙesu, har a zargi kwalbar da ba ta da laifi; a wanke layukan da tataccen ruwa da barasar gwaji mai kashi 70 bayan kowane aiki. Ki kuma ware wani ruwan fasassun sel mai haske, ki raba shi ƙanana-ƙanana, ki riƙa auna ɗaya a farkon kowace rana. Da kina da wannan tun Fabrairu, da kin ga alƙalamin yana gangarowa tun narkarwa ta uku ko ta huɗu.

Idan lissafi ya nuna gwaji 100 ba za su ishe ki ba, ki faɗa wa Malam a zaman nan na farko, domin a yanke shawara tun yanzu tsakanin rage tambayoyin binciken, ko sake oda, ko neman a ɗaga ranar kare aikin. Idan za a sake oda, a tsara isowarta kada ta faɗo a yammacin Juma'a ko hutun Salla, a kuma buɗe akwatin a gaban wanda ya kawo a ga ko da sauran busasshiyar ƙanƙara a ciki, don tafiyar daga Duwala ko Yawunde zuwa nan doguwa ce. Ki rubuto mini alƙaluman da kika samu a tsinkawar nan ta 10 da 100 da 1000, tare da na bututun da babu filasmid, in Allah ya yarda mu duba tare waɗanne ranaku ne za su shiga kundinki.